Igiyar Komawa Lumsa

Godiya ta tabbata ga wanda ya shimfiɗa teku bai yi mata ƙyaure ba, ya kafa tsibirai a cikinta bai yi musu gada ba, ya halicci harshe ya kewaye shi da katangar haƙora, amma duk da haka yakan tsallake.

Bayan haka, ya kai baƙon da iska ta jefo kan wannan dutse, matso ka sha inuwa. Ga gasasshen kifi, ga ruwa a tulu. Jirgin da ke kawo mini hatsi sai jibi zai zo, kafin nan ba ni da kowa sai kai, kai ma ba ka da kowa sai ni da tsuntsayen nan marasa kunya. Sunana Jatau ɗan Daudiya, mutumin Lumsa, shekarata ashirin da uku ina gadin fitilar wannan hasumiya. Na ga bakinka yana motsi za ka faɗa mini sunan garinku. Riƙe shi tukuna, ka ji nawa labarin.

Lumsa tsibiri ne da ba za ka same shi a taswirar kowa ba. Wani farin gajimare ne ya sauko ya zauna a kan ruwa ya kewaye shi tun kafin kakanninmu, muna ce masa Farin Labule. A cikinsa mutum ba ya ganin tafin hannunsa, a ƙarƙashinsa kuwa duwatsu ne masu kaifi da ruwa mai juyi. Fita ba wuya, ruwa ne zai ɗauki kwale-kwalenka ya tofar da kai waje. Komawa ita ce aiki. Maza ba su san hanya ba, sai matanmu masu nutso, su da suka san duwatsun ta ƙasa, kuma ba sa faɗa da baki. In ɗa zai fita duniya, uwarsa ce za ta tufka masa igiya, ta yi mata ƙulli saba'in da ɗaya, kowane juyi na hanyar da ƙullinsa. Ana ce mata igiyar komawa. Ba a karanta ta da ido. Sai ka shiga Labule ka kwance ƙulli na farko, yatsunka su ji ta inda ya warware, dama ko hagu, su ƙirga naɗinsa, wanda shi ne yawan bugun filafili kafin ka juya. Ka wuce, ka kwance na biyu. Haka za ka yi ta yi har ƙasa ta taɓa kwale-kwalenka, igiya kuwa ta miƙe a hannunka. Sau ɗaya take aiki, kuma ba a taɓa haihuwar namijin da kansa ya riƙe saba'in da ɗayan nan ba.

Muna da wata al'ada kuma, ita ce ta ci ni. A wurinmu, in ka sauka a wani ƙauye aka ba ka abinci, ba ka cewa na gode ka kaɗe riga ka tashi. Tukuicin mai masauki shi ne ka ba shi labarin garinku, ka faɗi duk alherin da Allah ya zuba a can, kada ka rage ko ɗaya. Wanda ya ci ya yi shiru kuwa, kallon ɓarawon tuwo ake yi masa.

Ina ɗan shekara ashirin da biyu wani kawuna ya dawo daga yawon duniya, ya ce ya hango jirgi yana tafiya ba iska ba filafili, yana tarin baƙin hayaƙi. Kowa ya yi dariya ban da ni. Tun daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi, na ƙudura sai na je na ga masu wannan ilimi na ɗebo mana. Mahaifiyata, Inna Daudiya, ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji. Ta zauna kwana arba'in tana tufka igiya ba ta yi mini magana. Ranar tafiya ta ɗaura mini ita a ƙugu da hannunta, ta rataya mini ɗan goran man nurma. Nurma wani itace ne namu, da mansa muke shafa jiki, da shi muke kunna fitila.

Ta ce, “Auta, ga ta nan. Kada ka ara wa kowa, kada ka kwance don gwaji. A ƙullin ƙarshe na yi maka ajiya, sai ka iso za ka gani.”

Na ce, “Inna, shekara biyu fa kawai zan yi.”

Ta ce, “Haka kawunka ya ce, ya yi tara. Tafi tun ban karɓe abata ba.”

Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan tafi ba. Ruwa ya ɗauke ni, Labule ya rufe a bayana.

Kwana goma sha tara ina kan teku ni kaɗai, sannan na isa wani tsibiri wanda tun daga bakin ruwa har kan tudu ba abin da ke tsiro a cikinsa sai rake. Ba gero, ba kuka, ba ko ɗan lambun albasa. A bakin gaɓa an kafa tuta mai hoton bututun hayaƙi. Ban gama ɗaure kwale-kwale ba wasu ƙatti masu bulala suka cafke ni, suka rataya mini wata lamba ta tagulla a wuya, suka miƙa mini adda. Dokar wurin ke nan, duk wanda ba shi da takarda ma'aikacin gona ne.

Da tsakar rana wani tsoho mai suna Karmanje, wanda ke ɗora wa jaki rake, ya raba ɗan abincinsa biyu ya ba ni rabi. Harshensu ya yi kusa da namu, muna jin juna. Ina gama ci na gyara zama don in biya tukuici. Na ce, “Baba, a garinmu akwai wani itace...”

Sai ji na yi tafin hannunsa a bakina, da ƙarfi har leɓena ya fashe.

Ya ce, “Kai samari, an tambaye ka? Ubana ne sarkin tsibirin nan. Ran da jirgin farko na masu tutar nan ya tsaya, ruwan sha kawai suka roƙa. Ubana ya ba su ruwa, ya ɗora musu da rake don su ji daɗin ƙasarmu. Suka ji. Da shekara ta kewayo suka dawo da takarda, a ta bayanta suka dawo da igwa. Yau ko wannan ɗan garin da ka ci daga jirginsu aka sauke shi. In kana da abu mai kyau a gida, haɗiye shi.”

Gaskiya zan faɗa maka, haushinsa na ji. Na ce a raina wahala ta ɓata wa tsoho tarbiyya, ya ba mutum abinci ya hana shi godiya.

Wata biyu na yi ina saran rake. A nan na lura akawun da ke bakin ƙofar gona ba ya ɗaga kai. In ma'aikata sun taso da la'asar, lambar wuya kawai yake kallo ya yi alama, fuska ba ruwansa da ita. Wata rana na cire tawa na rataya wa jakin Karmanje, tsohon ya ja shi ya bi layi, akawu ya dubi lamba ya yi alamarsa. Ni kuwa na sulale bakin gaɓa, na faɗa cikin wata ganga da aka cika rabi da mazarƙwaila, na ja murfi. Daga baya matuƙan jirgi sun gaya mini jakin ya yi wata uku yana amsa lambata, har aka yaba mini da rashin surutu.

Kwana ashirin na yi a gangar nan cikin jirgi, ina lasar zaƙi ina shan ruwan da ke ɗiga ta tsagin katako. Har yau in na ga mazarƙwaila haƙorana tsami suke yi. Ran da aka fasa murfin ko yatsa ba na iya ɗagawa, sai fuskar wani dogon mutum mai jan gemu na gani yana leƙo ni. Shi ne Hildaru, mai masaƙa bakwai a Birnin Murhu Dubu.

Ya kai baƙo, na ga abin mamaki a birnin nan. Bututan hayaƙi sun fi giginya tsawo sau biyar, suna aman baƙi dare da rana, har tantabarun garin baƙaƙe ne. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama, in ta fito kuma za ka iya zuba mata ido ba ta kashe maka shi ba. Na ga gida guda da ƙafar ƙarfe ɗaya ke juya masaƙa ɗari biyar. Na ga keken ƙarfe mai jan ɗakuna talatin yana ihu. Na kuma ga mutum dubu suna tafiya a titi ɗaya ba mai ce wa wani ina kwana. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tsoro, ban taɓa jin kaɗaici a teku irin wanda na ji a titin nan ba.

Ba zan ci naman Hildaru a bayan idonsa ba, a gidansa mutumin kirki ne. Ya kira mini likita, ya ba ni ɗaki, da na warke ya sa ni aikin zuba wa injuna mai. A masaƙar na haɗu da Marzana, wata mata mai 'ya'ya uku da tari wanda ba ya barinta. Ita kaɗai ke tambayata ko na ci abinci. Ita ta koya mini harshensu kalma kalma a cikin ƙarar injuna, ta kuma koya mini wata doguwar waƙa da masu saƙa ke rerawa don kada barci ya kwashe su inji ya cinye musu yatsu.

Abu ɗaya ke damuna. Wata takwas ina cin abincin Hildaru ban ba shi tukuici ba, saboda rashin harshe. Kullum in na kai loma sai in ji ni ɓarawo. Saboda haka ran da ya gayyace ni cin abincin rana tare da manyan baƙinsa, na ce yau zan wanke kaina. Aka ci aka sha, na miƙe tsaye kamar yadda ake yi a gida, na saki baki. Na faɗi kifinmu, na faɗi ruwanmu mai daɗi, na faɗi cewa ba mu da soja ko ɗaya don ba mu taɓa buƙata ba. Na faɗi Farin Labule. Na ɗaga riga na nuna musu igiyar ƙuguna, na yi musu bayanin yadda take aiki tiryan-tiryan. Na ciro ɗan goran Inna, na ce ga sarkin alherin Lumsa.

A lokacin kuwa birnin yana cikin damuwa. Manyan kifayen da suke matsar mai daga jikinsu sun ƙare a tekunsu, injuna suna ƙugi suna zafi, wasu har sun kama wuta. Hildaru ya ja ni da baƙinsa zuwa wani inji da ya fi kowanne kuka, ya ce in ɗiga masa. Na ɗiga sau uku. Inji ya yi tsit yana juyawa lafiya lau, ya kwana uku a haka.

Hildaru ya dafa kafaɗata ya ce, “Jatau, itacen nan guda nawa ne a tsibirinku?”

Na yi dariya na ce, “Ranka ya daɗe, wa ke ƙirga itace? Tun daga bakin ruwa har kan tudu shi ne.”

Maganar tana fita na ji ta da kunnena. Tun daga bakin ruwa har kan tudu. Na tuna rake, na tuna hannun Karmanje a bakina. Kashegari da safe mutum huɗu suka shigo ɗakina cikin ladabi, suka kwance igiyar daga ƙuguna suka kulle ta a akwatin ƙarfe, wai don kada ta lalace.

Mutanen birnin nan ba sa aika jiragen yaƙi sai an yi muhawara, wannan kam na shaide su. Suna da wani gini, Zauren Ma'auni, a tsakiyarsa an rataye wani ƙaton sikeli. Ba mai magana a ciki sai wanda ya mallaki bututun hayaƙi. Sauran jama'a, masu saƙa da masu haƙar kwal, a bene suke tsayawa su yi kallo. Kwana bakwai aka yi ana muhawara a kan Lumsa. Ni aka zaunar da ni a kan wata kujera ƙarƙashin sikelin, aka sa mini tufafin da na zo da su, aka ajiye goran Inna a gabana.

Hildaru ne jagoran masu cewa a tafi. Ya iya magana, ba ƙarya. Ya ce, “Ku dubi benen can. Mutum dubu ɗari ke ci daga injunan nan. In mai ya ƙare masaƙa ta tsaya, in masaƙa ta tsaya tukunya ta tsaya. Kuma in ba mu je ba, maƙwabtanmu na Birnin Maƙera za su je, su kuwa kun san hannunsu ya fi namu nauyi. Ba ƙwace za mu yi ba. Za mu kai musu likita da makaranta da hanyar ƙarfe. Wannan bawan Allah da kansa ya ƙetare teku neman iliminmu, ashe laifi ne mu kai wa danginsa har gida?”

Aka yi ta buga ƙafa a ƙasa, haka suke tafi.

Jagoran masu cewa a zauna wani siririn dattijo ne mai suna Sarwan. Da ya miƙe na ji sanyi a raina, na ce ga mai cetona. Ya ce, “Tsibiri goma sha ɗaya muka kama. Kowanne an ce mana shi ne na ƙarshe. 'Ya'yanmu nawa zazzaɓi ya cinye a can suna gadin tuta? Amfanin kuwa gida goma yake shiga, ga masu gidajen nan a zaune. Kuma hannun da ya saba da bulala a ƙetare, in ya dawo gida ba ya ajiye ta, ku tambayi masu haƙar kwal.” Har nan ina gyaɗa kai. Sai ya nuna ni da sandarsa ya ce, “Ku dube shi. Waɗannan mutane yara ne, ba su san jiya ba balle gobe. Ku bar su cikin barcinsu. In mun tashe su, mu za mu yi ta goyonsu har abada.”

Na sunkuyar da kai. Inna, wadda ke riƙe da juyi saba'in da ɗaya a kanta, ita ce yarinya mai barci.

Haka aka yi ta yi. Wani malaminsu ya ce wajibi ne mai haske ya kai wa na duhu. Wani tsohon soja ya ce ƙasar da ba ta faɗaɗa ba ruɓewa take yi. Wani ya ce a yi ciniki da mu kawai ba tuta, wani ya ce ciniki ba igwa wasan yara ne. Wani ma ya zo da zare ya auna kaina. Kwana bakwai sunan garinmu yana yawo a bakin mutum ɗari uku, ba wanda ya ce mini kanzil. A rana ta bakwai sai wata murya mai tari ta faɗo daga bene.

“To shi mai garin, wani ya tambaye shi?”

Marzana ce. Zaure ya fashe da dariya, har da mutanen Sarwan. Shugaban zaure ya ce ba ta da bututu, shi ma baƙon ba shi da bututu, dogarai suka fitar da ita. Sannan aka yi zaɓe. Mai son a tafi ya jefa dunƙulen kwal a hannun dama na sikeli, mai son a zauna ya jefa farin dutse a na hagu. Ina zaune a ƙasa ina kallon tasoshin nan biyu suna rawa a bisa kaina. Da na ƙarshe ya jefa nasa, hannun kwal ya sauko a hankali har ya kusa taɓa mini kai.

Kafin mu tashi Marzana ta same ni a bakin tashar jirgi. Ta ce, “Ɗan'uwa, ban san abin da zan roƙa maka ba. In man nan bai zo ba, masaƙata za ta tsaya, yarana su kwana da yunwa. In ya zo, tsohuwarka za ta rataya lamba a wuya.” Ta yi tari ta goge baki. Ta ce, “Amma lokacin rake ma haka aka ce mana, wai yaranmu za su ƙoshi. Ga su can, je ka duba haƙarƙarinsu.” Ta cusa mini gurasa a hannu ta juya.

Jirage uku muka tashi da su, na ƙarfe, kowanne da igwa goma sha biyu. Hildaru yana ciki, da kyaftin, da masu zanen taswira huɗu. Shirinsu a fili yake. In kwance ƙulli in faɗi juyi, su rubuta. In an rubuta sau ɗaya, Labule ya zama banza har abada.

A rana ta arba'in da hantsi muka hango shi, fari tas, daga ruwa har sama. Allurar da ke nuna musu arewa ta fara juyi kamar ta sha wani abu. Sai iska ta kaɗo daga ciki, na ji ƙanshin furen nurma. Ya kai baƙo, tsakanina da ƙofar ɗakin Inna bai fi tafiyar wuni guda ba. Na riƙe ƙarfen jirgi na yi kuka a gaban kowa, ban ji kunya ba.

Aka buɗe akwati, Hildaru ya miƙo mini igiyar da hannu biyu. Ya ce, “Jatau, yau za ka kwana a gida. Na yi maka alkawari, kai za mu naɗa shugaban tsibirin.”

Na ce, “Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai a al'adarmu mai komawa yakan zauna a goshin jirgi ya lulluɓa, ya gai da Labule har rana ta take tsaka. In ba haka ba, ba ya buɗewa.”

Kyaftin ya yi tsaki, amma Hildaru ya ce a bar ni, ai irin waɗannan mutane sai da tsafe-tsafensu. Wannan ce ƙaryar farko da na taɓa yi wa wanda na ci abincinsa, kuma raina da suka yi ne ya sa ta shige.

Na zauna a goshin jirgi na ja bargo na rufe jikina har wuya, igiya tana kan cinyata. Na san yatsuna za su karanta ko ban so ba, kuma abin da kai ya riƙe bulala tana iya fitar da shi. Saboda haka na ɗaga murya na kama waƙar masu saƙa da Marzana ta koya mini, cikin harshensu, don in cika kaina da ita kada hanya ta sami wurin zama. Sojoji suna dariya, wasu har suna amshi. A ƙarƙashin bargo kuwa na kwance ƙulli na farko. Hagu. Na ƙara murya. Na kwance na biyu, na uku, na goma. Kowanne na ji irin ɗaurin Inna, yadda take matse ƙarshe da haƙori. Kwana arba'in ta yi tana tufkawa, ni kuwa kafin rana ta take tsaka na gama da saba'in.

Na ƙarshen ya fi sauran girma. Da ya warware sai wani abu ya faɗo tafin hannuna. Ƙwayar nurma ce guda, an naɗe ta da furfura. Mai komawa yakan shuka irin wannan a ƙofar uwarsa. Na san in suka ga ƙwayar za su kai ta wani tsibiri su rataya wa wasu lamba saboda ita. Na zare furfurar na cusa a aljihu, ƙwayar kuwa na jefa a baki na tauna. Ɗaci gare ta.

Na yaye bargo na miƙa wa Hildaru igiya miƙaƙƙiya.

Ya juya ta ya sake juyawa. Ya ce, “Ina ƙullin?”

Na ce, “Na karanta, ranka ya daɗe. Ta ƙare.”

Masu taswira suka yi tsuru-tsuru da alƙaluma a hannu. Kyaftin ya shaƙe ni ya ce a rataye ni da igiyar tawa. Da ƙyar na ce masa, “Rataye ni. Amma in akwai sauran hanya a duniyar nan, a yatsun nan take.” Wannan ce ta cece ni. Suka daka ni kwana uku, ba su sami komai ba sai waƙar masu saƙa. Suka tura ƙaramin jirgi da soja goma cikin Labule, kafin la'asar ruwa ya tofo su a kan katakai, kowa yana kiran uwarsa. Aka juya.

Hildaru bai sake yi mini magana ba sai da muka iso wannan dutse. Ya ce, “Na ɗauke ka daga ganga kana mutuwa, ka saka mini da wannan.”

Na ce, “Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Na ci abincinka na yi maka ƙarya. Wannan zan ɗauka.”

Ya ce a sauke ni nan in yi gadin fitila, a bar mini igiyar, ko wata rana yatsuna za su tuna. Ba su tuna ba. Nakan gwada, in ɗauki igiyar in yi ƙulli ɗaya, hagu, daga nan sai waƙar masu saƙa ta zo ta rufe komai. Ga ta can, da ita nake jan guga.

Hildaru ya mutu, Sarwan ya mutu, an ce 'ya'yansu ne yanzu ke jifan juna da maganganun iyayensu a ƙarƙashin sikelin nan. Masaƙar Marzana ta tsaya a shekarar, ban san inda ta shiga da yaranta ba, kuma ba ranar da ba na tuna gurasarta. An sami mai a wani tsibiri can kudu, jiragensa suna wucewa ta nan a danƙare, ni nake haska musu hanya. Ban san sunan mutanen wurin ba, amma na san irin abin da ke rataye a wuyansu. Kada ka ɗauka na fita da hannu mai tsabta.

Duk da haka ba su haƙura da Lumsa ba. Kowace shekara bayan damina jirgi ɗaya ko biyu yakan wuce gabas neman ƙofar Labule. Daga ranar ba na iya cin abinci sosai. In wata uku ya cika sai in hau can sama in zauna ina jira. Jirgin da ya ɗauko kaya nutsewa yake yi har wuya, wanda ya dawo wofi kuwa za ka ga jan fentin cikinsa a waje. Ran da na hango jan fentin nan nakan sauko in dafa abinci mai kyau, in ci ni kaɗai. Ita ce wasiƙar da nake samu daga gida, sau ashirin da uku ke nan tana zuwa.

Abin da ke cina ɗaya ne. Inna ba ta sani ba. Na ce mata shekara biyu. Ta jira tara irin na kawu, ta jira fiye da haka, kuma na tabbata ta mutu tana zaton duniya ce ta yi wa autanta daɗi ya manta da ita. Furfurarta tana nan a aljihuna, ba ni da wanda zan aika ya gaya mata.

Rana ta yi sanyi, bari in hau in goge gilashin fitila. Kai kuwa ci kifinka. In ka ƙoshi ka ce ka gode kawai, ya isa. Kada ka gaya mini sunan garinku, kada ka gaya mini abin da ake nomawa a can. Ni tsoho ne mai surutu, jirgin da zai zo jibi kuma nasu ne.